Motar dizal mai tafasa a lungunan Zariya: abin da waya ke gani wanda allurar dashbod ba ta faɗa

Daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo ba wata doguwar tafiya ba ce. Amma a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin rana a Zariya ke kusantar digiri 40, wannan ɗan tsakanin ya fi wahalar da injin Hilux ko Land Cruiser mai shan dizal fiye da kilomita 80 ɗin da ke tsakanin Zariya da Kaduna. Mota ce da aka ƙera domin daji da yashi da taɓo, sai ga ta tana rarrafe a giya ta ɗaya a bayan Keke Napep, 'yan acaɓa na kutsowa ta hagu da dama, mai baro ya tare gaba, esi kuma a kunne. In aka bar babban titi aka faɗa lungunan Kwarbai ko Anguwar Juma, inda madubin mota ke kusan gogar katangar gida, iskar da ke bugun gaban motar sai ta ɗauke gaba ɗaya. A ranakun Hawan Bariki da Hawan Daushe kuwa ba a magana, domin mota na iya shafe awa guda injinta na aiki ba ta matsa ko'ina ba.

Abin da ke biyo baya kowa ya saba gani. Allura ta haura ja, a ɗaga bonet, a aiki yaro ya sayo ruwan leda, a yi ta ɗura wa lagireto. Washegari a gareji hukuncin ɗaya ne daga cikin biyu: ko a ce a cire tamostat a jefar, ko a ce gasket ɗin saman inji ya ƙone, a kawo kuɗin sauke tof silinda. Na farkon ba gyara ba ne. Na biyun kuma aiki ne mai cin kuɗi sosai, wanda sau da yawa ake yin sa ba tare da an gano abin da ya jawo zafin tun farko ba, sai bayan 'yan watanni sabon gasket ɗin ya bi sahun tsohon. Ga wanda motar ce abincinsa, mai ɗauko masara daga Soba ko rake daga Maƙarfi, mako biyu a gareji asara ce biyu: kuɗin gyara da kuɗin lodin da ya wuce shi.

Alhali tambayar da ke raba gardama ba ta da tsada. Ba "me ya sa take zafi" ba ce, "a wane lokaci take zafi" ce. Kuma wayar da ke aljihun yaron mota ta fi allurar dashbod iya amsa ta.

Inda zafin yake fitowa

Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi. Iska yake matsewa har ta yi zafin da man zai kama da kansa. Tsohon injin 1HZ mai silinda shida da ke cikin Land Cruiser 70 yana matse iska fiye da ninki 22, sabon 1GD na Hilux kuma ƙasa da ninki 16, amma da taimakon turbo. A ƙiyasin da aka saba yi, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da aka ƙona ne kawai ke tura mota. Sauran zafi ne, wani ya fita ta salansa, wani kuma ruwa ya kwashe shi.

Tafiyar ruwan mai sauƙin fahimta ce. Famfon ruwa, wanda fanbel ke juyawa, yana tura shi ta ramukan da ke jikin inji. Idan ya yi zafi, tamostat ya buɗe masa hanya zuwa lagireto, ya bi ta siraran bututu, iska ta ratsa ta kwashe zafin, ya koma inji. Abu uku ke nan ake buƙata: ruwa isasshe, ruwan ya riƙa zagayawa, iska kuma ta riƙa ratsawa. Duk wani ofahitin, kamar yadda kanikawa ke kiransa, ɗaya daga cikin ukun nan ne ya gaza, in ba injin ne da kansa ke hura hayaƙi cikin ruwan ba. Yawancin bayanan nan sun shafi Hilux mai shan fetur ma, wadda ita ce ta fi yawa a titunan Najeriya.

Allurar da ke rufa asiri

Matsalar allurar dashbod ita ce ba a yi ta don faɗin gaskiya dalla-dalla ba. A motoci da dama, har da na Toyota, an tsara ta ta tsaya cak a tsakiya muddin zafin yana cikin wani faffaɗan zango, don kada direba ya riƙa firgita duk lokacin da aka hau tudu. Injin da ke digiri 85 da wanda ya kusa 100 na iya nuna allura a wuri guda. Kafin ta fara motsi zuwa ja, zafin ya daɗe yana hawa, kuma saura kaɗan ruwa ya tafasa.

Kwamfutar mota kuwa ta san ainihin lambar, domin akwai sensa a jikin inji da ke aika mata da ita kowane lokaci. Hanyar tambayarta ita ce wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda ake kira OBD2. Amurka ce ta wajabta ta ga motocin da ake sayarwa a can tun 1996, Turai ta bi baya, ga masu fetur a 2001, ga masu dizal a 2004. Abin da ake soka mata ɗan ƙaramin akwati ne da bai fi kwalin ashana ba, wanda aka fi sani da ELM327, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin cika tankin Hilux mai lita 80 ba. Ana soka shi, a kunna mota, a haɗa shi da waya ta Bluetooth, a buɗe manhaja irin su Torque ko Car Scanner, a zaɓi zafin ruwan inji. Nan take lamba za ta fito a fuskar waya, tana canzawa ɗaya bayan ɗaya. Manhajojin suna iya zana layin hawa da saukar zafin, su adana shi, kuma ana iya sa su yi ƙara idan ya wuce wata iyaka. Wannan ƙarar ita ce mafi amfani, domin babu mai hankalin da zai riƙa kallon waya yana tuƙi a cikin Kasuwar Zariya.

Akwai 'yan abubuwan da mai saye ya kamata ya sani. Kamfanin Elm Electronics na ƙasar Kanada ne ya ƙirƙiri ELM327, amma kusan duk waɗanda ake samu da araha kwaikwayo ne. Abin dariya ma, da yawansu an rubuta musu v1.5, sigar da kamfanin na asali bai taɓa fitarwa ba. Wasu na aiki lafiya, wasu sai su ƙi magana da motar, saboda haka a saya inda za a iya gwadawa a mayar. Mai iPhone ya nemi mai Wi-Fi ko mai Bluetooth LE, domin masu tsohon Bluetooth da Android kaɗai suke jituwa. A cire shi idan an ajiye mota, saboda kafar tana da wuta ko da an zare makulli, kuma lambar sirrinsa galibi 1234 ce ko 0000, wadda kowa zai iya cankowa. Sannan ba kowace mota ce za ta amsa ba. Land Cruiser mai tsohon 1HZ na famfon mai na hannu ba ta da kwamfutar da za a tambaya, wasu tsofaffin motocin dizal da aka ƙera wa kasuwannin da ba na Turai ba kuma suna da kafar amma yarensu daban ne. Ga irin waɗannan, ana ɗaura ƙaramin ma'aunin zafi mai nuna lamba, wanda sensansa ke manne a jikin tof silinda.

Idan manhajar ta nuna lambobin matsala, a ɗauki hoton fuskar waya kafin a goge komai. P0217 na nufin inji ya taɓa wuce iyakar zafi. P0115 zuwa P0119 na nuna matsalar a sensa take ko a wayarinsa, wato mai yiwuwa injin ƙalau yake, ma'aunin ne ke ruɗu. P0128 kuma akasin ofahitin ce: inji ba ya kaiwa zafin da ya kamata, alamar tamostat ya maƙale a buɗe ko kuma wani ya riga ya cire shi. Mai shirin sayen mota ta hannu ya lura da wannan lambar.

Birni da babban titi

Zariya ta dace da wannan gwaji, domin cikin ganuwa da babban titin Kaduna zuwa Kano suna gwada abubuwa biyu mabambanta. Da safe, inji na sanyi, a duba ruwa a cika shi. Sai a kunna manhaja tana adana lambobi, a zaga cikin birni na minti ashirin da esi a kunne, daga nan a fita ta Ɗanmagaji a miƙe titi a gudun kilomita 90 ko 100. A yawancin waɗannan injina, zafin da ke tsakanin 80 da 95 lafiya ne. Ya ɗan taɓa 100 a kan tudu da lodi ba abin tashin hankali ba ne in ya sauko da wuri. Idan ya wuce 105 yana ci gaba, a sassauta. A 110 a tsaya.

Idan zafin na hawa a cikin lungu amma ya sauka da zarar an miƙe titi, matsalar iska ce. Gudu ne ke cusa iska a lagireto a kan titi, a cikin gari kuwa fanka ce kaɗai ke jawo ta. Idan kuma akasin haka ne, cikin gari lafiya lau amma a kan titi ko da lodi sai ya hau, to lagireto ne ba ya iya kwashe zafi mai yawa: ko ya toshe daga ciki, ko tamostat ba ya buɗewa duka, ko fukafukan famfon ruwa sun cinye, ko kuma tiyon ƙasa ya yi laushi yana shaƙewa idan inji ya ɗauki gudu. Idan lambar na tsalle, ta hau ta faɗo ba dalili, a yi zargin ƙarancin ruwa ko iska a cikin hanyarsa. Idan kuwa cikin 'yan mintuna da tayar da mota tiyon sama ya yi tauri kamar tayar keke, ruwa na tuttuɗowa, wannan ne ya fara kama da gasket.

Wannan ɗan zanen layi, in aka tura wa bakanike ta WhatsApp, ya fi "wallahi jiya ma ta yi zafi" amfani nesa ba kusa ba.

Fankar da ke juyawa ba ta aiki

Ga motar da cikin birni kaɗai take zafi, wanda ya fi cancanta a fara tuhuma shi ne kulocin fanka. Yawancin motocin dizal masu jan ƙafa huɗu ba fankar lantarki ce babbar fankarsu ba. Inji ne ke juya ta, amma ta hannun wani kasko na alminiyam mai ɗauke da man silikon mai kauri. A fuskar kaskon akwai wani nannaɗaɗɗen ƙarfe da ke motsi idan iska mai zafi daga lagireto ta buge shi, sai ya buɗe wa man hanya, fankar ta kama da ƙarfi. Idan iska ta yi sanyi ya rufe, fankar ta koma juyin wasa. Dabarar ita ce kada inji ya riƙa ɓarnar mai wajen juya fanka a lokacin da ba a buƙata.

Idan man silikon ya zurare ko ya tsufa, fankar za ta ci gaba da juyawa, ido na ganinta, amma ba ta jan iskar kirki. Shi ya sa ake yawan wuce ta. Mai mota ya leƙa, ya ga tana wulwulawa, ya ce ai fanka lafiya. Kunne ya fi ido a nan. Fanka mai lafiya tana ruri na ɗan lokaci idan aka tayar da mota da safe, ta yi shiru, sannan idan inji ya yi zafi sosai ta sake ruri kamar babbar mota. Wadda ba a taɓa jin rurinta ba ko da lambar waya ta kai 100, ta mutu. Bayan an kashe inji mai zafi an zare makulli, a tura fiffikenta da hannu: ya kamata a ji turjiya, ta tsaya nan da nan. In ta yi ta juyi kamar fankar silin da aka ɗauke wa wuta, ko aka ga baƙin maiƙo da ƙura sun taru a tsakiyar kaskon, an samu mai laifi. Wasu irin ana iya buɗe su a ƙara musu man silikon, wasu sai canji. Abin da ba a so shi ne al'adar ɗaure kulocin da ƙusa ko walda don ya riƙa juyi tare da inji kullum. Zafin cikin gari zai ragu, amma mai zai ƙaru, ƙara za ta dami kowa, kuma a babban gudu fukafukan roba na iya tsagewa su fasa lagireton da ake ƙoƙarin ceto.

Sai kuma murfin robar da ke kewaye da fanka. Kanikawa da yawa kan cire shi yayin wani aiki su ƙi mayarwa, don yana hana hannu shiga. Ba ado ba ne. Shi ke tilasta wa fanka ta jawo iska ta cikin lagireto maimakon ta gefe.

Ƙura ma na da nata rabon. A gaban irin waɗannan motoci abubuwa ne jere: kwandensan esi a gaba, a wasu ƙirar har da intakula na turbo, sannan lagireto a baya. Tsakaninsu akwai ɗan rata da ba a gani daga waje. Ƙurar hunturu, ƙaiƙayin masara da dawa na lokacin kaka, ciyawar hanyar gona, guntun leda, taɓon damina, duk nan suke taruwa su zama kamar tabarma. Mai wankin mota yana wanke fuskar kwandensa ta yi ƙyalli, tabarmar na nan a baya. A kunna fitilar waya a haska daga bayan lagireto, wani ya leƙa ta gaba. Inda haske bai ratsa ba, iska ma ba ta ratsawa. Wankinsa daga baya zuwa gaba ake yi, da ruwa mara ƙarfi, domin injin feshi mai matsi yana lanƙwasa siraran fukafukan ya ƙara toshe su. Manyan fitilu da ƙarfen kariya da samari ke son jibgawa a gaban mota su ma suna cin nasu kason na iskar.

Ganin zafi da ido

Na'ura ta biyu da ta cancanci kuɗinta ita ce bindigar awon zafi. Kamanninta ɗaya da wadda aka yi ta nuna wa mutane a goshi lokacin korona, amma ba ita ba ce. Ta goshi iyakarta zafin jikin mutum, ta aikin inji kuwa tana auna ɗaruruwan digiri. Da ita ake bin lagireto daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama. Lagireto mai lafiya zafinsa na raguwa a hankali daga inda ruwa ke shiga zuwa inda yake fita. In aka samu wani yanki mai sanyi a tsakiyar masu zafi, bututun wajen sun toshe, ruwa ba ya bi. In inji ya yi zafi ƙwarai amma tiyon da ke kai ruwa lagireto da shi kansa lagireton ba su ɗauki zafi ba, ruwa ba ya zagayawa ke nan, sai a duba tamostat da famfo. A kula, ƙarfe mai ƙyalli yana ruɗa bindigar ta ba da lamba ƙasa da gaskiya. A manna ɗan baƙin tef a wurin, a auna kan tef ɗin. Kuma hannu da hannun riga su yi nesa da fanka da fanbel.

Mai hali na iya zarcewa zuwa kyamarar zafi da ake soka wa waya a kafar caji, irin su FLIR One da Seek Thermal, ko wayoyin da ke zuwa da ita a jiki, tsarin da Cat S60 ta fara a 2016. Hoto guda zai nuna layukan da suka toshe, shuɗi a tsakiyar ja. Ga mai mota ɗaya, wannan kashe kuɗi ne da bai zama dole ba. Ga matashin da ke son ya mayar da binciken mota sana'a, jari ne. A garin da ke da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya tun 1986, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga Kwalejin Nuhu Bamalli, bai dace a ce har yanzu tafin hannu a kan tiyo ne babban ma'aunin zafi a gareji ba.

Rigimar tamostat

Hujjar masu cire tamostat ita ce don ƙasashen sanyi aka yi shi, mu nan zafi gare mu. Maganar na da daɗin ji, amma Toyota na sayar da Land Cruiser 70 a Saudiyya da hamadar Ostareliya da tamostat ɗinta a ciki. Aikinsa shi ne riƙe inji a zafin da ya dace, kuma lambar da yake fara buɗewa a rubuce take a jikinsa, misali 76 ko 82. Da zarar ya buɗe duka, ba ya tare komai.

Cire shi na jawo illa ta fuska biyu. A safiyar hunturu a Zariya, lokacin da mutane ke jin ɗumi a bakin wuta, inji mara tamostat zai daɗe bai ɗumama ba. Dizal ba ya ƙonewa da kyau a inji mai sanyi, sai hayaƙi, shan mai, da saurin cinyewar zobban fistin. Ta biyun ita ce ba a cika sani ba. A injina da yawa, ƙasan tamostat na da wani faifai da ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya zaga cikin inji kawai lokacin da yake sanyi. In aka cire tamostat, wannan hanya ta zauna a buɗe har abada, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa komawa inji bai leƙa lagireto ba. Wato motar na iya ƙara zafi da lodi saboda an cire abin da aka ce shi ke sa ta zafi.

Gaskiya ne tamostat na lalacewa, yana maƙalewa a rufe. Gwajinsa a kicin ake yi: a rataya shi da zare a tukunyar ruwa a kan wuta, a riƙa auna ruwan. In bai fara buɗewa a kusa da lambar da ke jikinsa ba, ko bai buɗe sosai ba kafin ruwan ya tafasa, a sayi sabo mai lamba iri ɗaya. A Sabon Gari za a nema, in ba a samu ba sai Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano.

Ruwan da ake zubawa

Duk wanda ya leƙa cikin tsohuwar butar shayi ya ga farin dutsen da ke manne a ƙasanta. Abin da ruwan rijiya da na burtsatse ke yi wa bututun lagireto ke nan, ga tsatsa kuma da ruwa zalla ke haifarwa a jikin inji. Ruwan kulant mai launi yana ɗauke da sinadaran hana tsatsa, yana kuma ɗaga matakin tafasa. Ruwa zalla na tafasa a digiri 100 a bakin teku, a Zariya da ke sama da mita 600 kuma wajen 98. Haɗin rabi da rabi na kulant na kai shi kusan 107. Wanda ya fi yin aikin ma shi ne murfin lagireto, wanda ke riƙe matsi na bar 0.9 ko 1.1, ya tura matakin tafasa ya kai wajen 120 ko fiye. Murfin da robarsa ta tsage na iya sa mota mai lafiya ta riƙa amai da ruwa, kuma shi ne mafi arha a duk kayan da aka lissafa. A fara da shi.

Kulant ɗin Toyota mai ruwan hoda a haɗe yake zuwa, ba a ƙara masa ruwa, kuma kamfanin ya sa canjin farko a kilomita 160,000, bayan nan duk 80,000. Wanda ake sirkawa, da tataccen ruwa ake sirka shi, irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ba. Kada a gauraya iri biyu. Ƙwai da garin da wasu ke zubawa don toshe yoyo suna toshe bututun da ba su yi laifi ba. Tsohon kulant kuma kada a zubar da shi a lambatu ko a bar shi a buɗaɗɗen bokiti. Yana da zaƙi, guba ne, kuma a unguwar da awaki da kaji da ƙananan yara ke yawo a ƙofar gida, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

In da gaske gasket ne

Alamominsa sun haɗa da kumfar da ba ta yankewa a bakin lagireto, ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, farin hayaƙi mai kauri ko bayan inji ya ɗumama, da baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara. Amma kafin a kwance ƙusa ɗaya, akwai gwajin wani shuɗin ruwa da ake ɗorawa a bakin lagireto. In hayaƙin inji na shiga ruwa, launinsa zai juya zuwa kore ko rawaya. Idan ya tabbata, a kai tof silinda a auna ko ya lanƙwashe, a kuma gwada ko ya tsage. Injin 1KZ-TE na tsohuwar Prado ya yi suna wajen tsagewar kai bayan ofahitin, kuma sabon gasket ba ya maganin tsaga. Gasket ɗin injinan dizal na Toyota kauri daban-daban ne, ana zaɓa bisa yadda fistin ke leƙowa saman bulo, ƙusoshin kuma da sifana mai awo ake ɗaure su bisa jerin da littafin motar ya tsara, ba da ƙarfin damtse da dogon bututu ba. Mai mota na da haƙƙin ya tambayi bakanike, cikin girmamawa, ko yana da wannan sifanar. Bayan an haɗa, a fitar da iskar da ta maƙale a hanyar ruwa, sannan a maimaita gwajin birni da babban titi, domin fankar ko lagireton da suka ƙona gasket na farko suna nan inda aka bar su.

Idan kuma abin ya faru a kan hanya, a kashe esi, a kunna hita har ƙarshe in motar na da ita, a samu wuri a tsaya. In babu tururi, babu yoyo, fanbel na nan, a bar inji ya yi aiki a tsaye na minti biyu ana kallon lambar. In tana sauka, to. In tana hawa, ko ruwa na zuba, a kashe. Kada a taɓa murfin lagireto sai bayan aƙalla rabin awa, shi ma da tsumma mai kauri, a hankali, domin ruwan da ke ƙarƙashin matsi yana tashi ne gaba ɗaya ya wanke fuska da hannu. Kada a kwara ruwan sanyi a inji mai zafi.

Akwai wuri ɗaya da wayar ma ke ruɗuwa. Sensan zafi ruwa yake aunawa. In tiyo ya fashe ruwan ya tsiyaye, sensan zai rataya a iska, lambar na iya faɗowa ƙasa alhali ƙarfen inji na gasuwa. Lambar da ta hau sannan ta faɗo farat ɗaya ba tare da an rage gudu ba, musamman in hita ta fara busa iska mai sanyi, alama ce ta a kashe inji nan take a leƙa ƙarƙashin mota.